Ina Muka Kai Orlando Martins?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Kwanan baya na ji wani matashi a wani shirin tattaunawa yana cewa, da ƙarfin gwiwarsa, wai ɗan Najeriya bai san fim ba sai da kaset ɗin bidiyo ya zo. Ba wanda ya gyara masa zance a cikin ɗakin. Abin ya ci mini rai. To, ina muka kai Orlando Martins?

A Legas aka haife shi a 1899. Yana saurayi ya bi jirgin ruwa zuwa Ingila, babu dangin iya babu na baba. Ya yi dako, ya yi kokawa don neman abin sawa a bakin salati, kafin a fara ba shi ƙananan rawa a dandamali. A 1935 ya fito a fim ɗin Sanders of the River tare da Paul Robeson, shahararren mawaƙi kuma ɗan wasa baƙar fata na Amurka. A 1949 ga shi a The Hasty Heart, gefe da gefe da Ronald Reagan, wanda daga baya ya shugabanci Amurka. A fim ɗin nan sojan Afirka ya fito, mai suna Blossom, wanda ba ya jin Turanci. Kusan babu magana a bakinsa. Da ido da fuska ya yi aikin, kuma 'yan kallo suka fita da shi a zuciyarsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamara ya san wannan shi ne mafi wuya.

Na san abin da za a ce: ai boka da baran Bature ya yi ta fitowa, ya taimaka wa 'yan mulkin mallaka suna zana mu yadda suke so. Haba! Shi ya rubuta labaran? Shi ke riƙe da kuɗin? Robeson kansa, da duk ɗaukakarsa, sai da ya yi tir da Sanders of the River bayan ya ga yadda aka juya shi. Wace rawa ce dabam aka ajiye wa baƙar fata a Landan ta wancan zamani har Martins ya ƙi karɓa? Ban ce duk fim ɗin da ya yi abin alfahari ba ne, wasu na kallo ne da takaici. Amma wanda aka ba ƙofa ɗaya tak, ba a tuhumarsa da shiga ta cikinta.

Kuma bai manta gida ba. Ya dawo Legas a 1959, ya fito a Kongi's Harvest na 1970, fim ɗin da aka ɗauko daga wasan Wole Soyinka.

Shi ya sa nake sake tambaya, ina muka kai shi? Ana bukukuwan ba da kyaututtuka kowace shekara, ana kiran kowa gwarzo, sunansa ba ya fitowa. Ɗalibanmu masu karatun wasan kwaikwayo, nawa ne za su gane hotonsa? Mutumin nan ya rasu a Legas a 1985, shekara biyar kafin a fitar da Turmin Danya, ɗaya daga cikin fina-finan Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo, a Kano.