Kifi mai tozo da ruwan sanyin Glen Canyon

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau muna Lees Ferry, a arewacin jihar Arizona ta Amurka, bakin kogin Kolorado. Daga nan masu kwale-kwale ke tashi su shiga Grand Canyon, babban kwazazzabon da kogin ya ratsa. Ku dubi jajayen duwatsun da ke bayana, hamada ce sosai, rana kuma tana dukan mutum ba sassauci. Amma bari in juyo muku da kyamara kan ruwan. Kun gan shi kore, garai-garai, har ana hango tsakuwar ƙasa? In ka tsoma ƙafa, sanyinsa sai ya ratsa ka har ƙashi. Wannan sanyi shi ya kawo ni.

Asalin kogin nan ba haka yake ba. Jan ruwa ne mai laka, da hunturu ya kusa daskarewa, da bazara ɗuminsa ya haura digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. A cikin wannan ruwa Allah ya halicci wani kifi da babu shi ko'ina a duniya sai a Kolorado da rassansa. Turawa na ce masa humpback chub, mu ce kifi mai tozo, don akwai wani tudu a bayan kansa. Tsawonsa kan kai santimita 50, yana kuma iya shekara 30 a raye. Sai a 1946 wani masani, Robert Rush Miller, ya bayyana shi a rubuce, ba a jima ba kuma, a 1967, Amurka ta sa shi cikin halittun da ke bakin ƙarewa.

Tsakanin waɗannan shekaru biyu aka gina dam ɗin Glen Canyon, kimanin kilomita 25 sama da inda nake tsaye. A 1963 aka tare ruwan, tafkin Powell ya fara cika. To ga inda matsalar take: injinan lantarkin dam ɗin ba daga saman tafki suke zuƙar ruwa ba. In tafkin ya cika, bakin bututun yana wajen mita 70 a ƙarƙashi, inda rana ba ta kaiwa. Ruwan da ke fitowa sai ya tsaya a digiri 8 zuwa 10, rani da damina duk ɗaya. Ba a zuba guba ba, kogi bai ƙafe ba, an dai raba shi da bazararsa.

Masu kiwon tarwada a gida za su fi kowa gane wannan. Kun san yadda take rage cin abinci in hunturu ya kankama, a yi ta ciyarwa ba a ganin ƙiba. Dalili shi ne kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa. Yadda ruwa yake haka jininsa yake, narkewar abinci da ginin tsoka duk sai yadda ruwa ya yi da su. Shi kifi mai tozo, in ruwa ya yi ƙasa da digiri 12, girmansa kusan tsayawa yake. Ƙwansa kuwa yana son wajen digiri 16 zuwa sama kafin ya ƙyanƙyashe yadda ya kamata.

Wani zai ce to ai jinkiri ne kawai, zai girma daga baya. A'a, ɗan'uwa. A cikin kogi, ƙanƙanta ita ce ajali. Duk watan da ɗan kifi ya ƙara yana ƙarami, wata ne da yake daidai bakin mai cinsa. Kuma sanyin da ya daƙile shi, shi ne ya yi wa kifin trout daɗi, wanda aka zuba a nan don masu kamun nishaɗi. Ga shi dam ya tare laka, ruwa ya washe, babu duhun ɓuya. Wannan ɓangare shi ya fi taɓa ni wallahi: ɗan kifi ya fito daga ruwa mai ɗumi, ya faɗa cikin na sanyi, jikinsa ya sandare, ninƙaya ta gagara, mafarauci kuma yana kallonsa sarai.

Abin da ya ceci kifi mai tozo wani reshe ne, Ƙaramin Kolorado, da ke shigowa babban kogin kusan kilomita 100 ƙasa da nan, ta ƙasar al'ummar Navajo. Maɓuɓɓuga ce ke ciyar da shi, ruwansa shuɗi mai haske, mai ɗumi. Can kifayen suke zuwa su yi ƙwai. Ma'aikata suna kama su, su auna, su sa musu 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ciki, don in an sake kama kifin a san nawa ya ƙaru. Sun kuma kwashi wasu ƙanana zuwa rafin Shinumo a 2009 da na Havasu a 2011. Na Havasu sun yi saurin girma har suka hayayyafa.

Sai fari ya zo ya juya lissafin. Tun wajen shekarar 2000 tafkin Powell ke ja da baya, har a farkon 2023 bai kai rubu'in cikarsa ba. Da ruwa ya sauka, ɗumin saman tafki ya matso kusa da bakin bututu, kogi ya fara ɗumi. Kifi mai tozo ya samu yadda yake so, ya yaɗu a yammacin Grand Canyon, a 2021 ma aka sassauta matsayinsa daga mai bakin ƙarewa zuwa mai fuskantar barazana. Amma ta wannan bututun wani baƙon kifi ya biyo, smallmouth bass, mafarauci mai son ruwan ɗumi, wanda ya riga ya yi ɓarna a kogin Yampa can sama. A 2022 aka ga 'ya'yansa a ƙasan dam, a wannan yankin da nake, alamar ya fara haihuwa.

Shi ya sa a 2024 hukumar da ke kula da dam ɗin ta fara sakin ruwa ta wasu bututu da suka fi na injin zurfi, tana gauraya shi da na sama, don kogin ya tsaya ƙasa da digiri 15.5, inda baƙon ba ya iya yin ƙwai. Wato da gangan ake mayar da sanyin da ya wahalar da kifin gida. Ruwan da ya bi ta can kuma ba ya juya injin, sai an sayo wuta daga wani wuri a cike giɓin, masu biyan kuɗin wuta suna da hujjar ƙorafi.

Ni dai ina bayan matakin. Kifi mai tozo ya jure sanyi shekaru da dama saboda yana da Ƙaramin Kolorado. In bass ya kafu ya gangara har bakin wannan reshe, kwazazzabon ya yi tsawo da zurfin da babu taru ko jirgin da zai iya tsince shi, kuma ƙananan da ke fitowa daga can su zai fara ci.