Gashi ya zube wuri guda: makero ne ko wani abu?

Ku dubi kan yaron nan da kyau. Gashi ya zube wuri guda kamar faɗin kwabo, fatar ta yi furu-furu tana ɓawo, ga guntayen gashi sun karye daf da fata kamar baƙin ɗigo. Wannan makero ne. Cuta ce dangin funfuna, kuma askar wanzami, mataji, hula da matashin kai ne ke kai ta daga wannan kai zuwa wancan. Shi ya sa take yawa a tsangaya da firamare. Maraƙi da ɗan kyanwa ma suna shafa wa yaro ita.

Ga inda iyaye ke kuskure: man shafawa kaɗai ba ya kashe makeron kai, domin cutar ta shige cikin silin gashi har saiwarsa. Sai ƙwayar sha, griseofulvin, kullum na mako 6 zuwa 8. Ma'aikacin lafiya ne zai auna yaro ya faɗi adadin. A ba shi da abinci mai maiƙo, kindirmo ko ƙosai, jiki ya fi karɓarta. Mai ciki ba ta shanta. Ɓawon kan washe tun mako biyu, sai a ce ya warke a daina, ita kuwa ta dawo. A haɗa da sabulun ruwa na ketoconazole sau biyu a mako, a ware wa yaro askarsa da hularsa. In wurin ya kumbura yana mugunya, don Allah kada a tsaga, kada a zuba man birki ko ruwan batir. Ƙuna ce, kuma inda tabo ya zauna gashi ba ya sake tsirowa.

Yanzu ga wani kan. Zagaye ne shi ma, amma sumul, ba ɓawo, yawanci ba ƙaiƙayi, har a gemu yana fitowa. Garkuwar jiki ce ta far wa saiwar gashi. Ba a ɗauka, ba sammu ba ne, kuma maganin makero ba ya yi masa komai. Ƙaramin wuri sau da yawa yakan cike da kansa cikin shekara, wani lokaci da farin gashi tukuna. In yana faɗaɗa, a nemi likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Mata kuwa, ku duba goshi da saman kunne. In gashin nan yana ja baya, kitso ne ya cika tamau. Ƙananan ƙuraje a gindin kitso da ciwon kai daren da aka yi shi su ne alamar farko. A tsefe, a bar kai ya huta, a ce wa makitsiya ta sassauta hannu, musamman a kan 'yan mata ƙanana.