Lacca: Taiwan da 'yan ci-ranin da ke kama mata kifi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla. Abu uku zan taɓo a kan Taiwan.

Na farko siyasa. Tsibirin ya yi shekara 38 ƙarƙashin dokar soja, daga 1949 zuwa 1987, sai a 1996 jama'a suka zaɓi shugabansu da hannunsu. Yau ɗan jarida yana caccakar gwamnati ya kwana a gidansa. Addini ma babu takura. Babban masallacin Taipei, babban birnin Taiwan, tun 1960 yake, kuma akasarin masu cika sahu ranar Idi 'yan ci-ranin Indonesiya ne.

To, a kansu nake so mu zauna. Dillali a gida zai yi wa yaro takardu, ya rubuta masa bashi. Ya sauka, wani dillalin na jira, kuma doka ta yarda ya karɓi har dalar Taiwan 1,800 duk wata a shekarar farko, 1,700 a ta biyu, 1,500 a ta uku. Wannan na tudu ke nan, shi ne ma mai dama-dama.

Na teku fa? Wanda aka ɗauka daga waje aka sa shi jirgin kamun kifi mai nisan zango, babbar dokar ƙwadago ba ta shafe shi ba. Hukumar kamun kifi ce ta yanka masa mafi ƙarancin albashi, dalar Amurka 450 a wata, aka ƙara zuwa 550 a 2022. Jirgin ba ya zuwa gaɓa. Ku ji da kyau, ba ya zuwa gaɓa. Wani jirgin ne zai zo tsakiyar ruwa ya kwashe kifi, ya sauke abinci. Sai mutum ya shekara bai taka ƙasa ba, fasfo a hannun kyaftin, babu sabis. Wa zai kai wa ƙara, kifi? (dariya) A 2020 Ma'aikatar Ƙwadagon Amurka ta sa kifin Taiwan cikin kayan aikin tilas.

Na huɗu... au, na uku ne? Akwai dokar hana safarar mutane ta 2009, da layin wayar kai kuka mai lamba 1955, kyauta. Na'am, Hajiya?

(Tambaya: Malam, ana barinsu su yi salla a wurin aiki?)

A doka, e. Amma mai jinyar tsoho a cikin gida, lokacinta da tukunyarta suna hannun uwar ɗakinta. A 2010 har an gurfanar da wata mai masana'anta da ta tilasta wa ma'aikatanta Musulmi cin naman alade. Mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo, mu tsaya nan.