Jirgi ya fashe a sararin samaniya, wa ya ji ƙarar?

Assalamu alaikum jama'ar Kabi, na Argungu, na Birnin Kebbi, na Jega da Yawuri. Ku yi haƙuri da muryata, sanyin Jamus ya haɗa ni da mura. Yau ba yawon kasuwa za mu yi ba, gardama ce ta kawo mu ɗakin gwaji na makarantarmu.

Ƙanena Nafi'u ne ya je gidan kallo a Argungu, aka sa musu fim ɗin yaƙin sararin samaniya. Sai ga saƙon murya: "Yaya, da ka ji ƙarar da jirgin ga ya yi da ya fashe, har benci sai da ya girgiza!" Na ce masa da a can sama abin ya faru da gaske, ko kukan sauro ba zai ji ba. Ya ce tun da na zo Turai na koyi raina wa mutane hankali. To, an ce gani ya kori ji, yau kuwa jin ne ma za mu kora gaba ɗaya.

Kun ga wannan gilashin mai kamar an kife ƙwarya? Ga tiyo ya haɗa shi da injin zuƙe iska. Na ɗora tsohuwar wayata a kan soso a ciki, don kada girgizarta ta bi ta tebur. Tsohuwa na ce, kada wani ya gwada da ta kirki. Nafi'u, kira ni. Yauwa, kuna ji tana ruri. Bari in kunna injin. Ku saurara, ƙarar tana yin ƙasa kamar mai tallan da ya sha kwana. Na kashe injin. Ku dubi fuskar wayar: ga sunansa, tana ta haske, amma shiru kake ji.

Sauti girgiza ce, sai da abin da zai ɗauke ta. A iska yana cin mita 343 a daƙiƙa guda, shi ya sa in ka hango mata suna daka daga nesa, taɓarya kan sauka kafin "dum" ɗin ya iso kunnenka. A ruwa ya fi haka gudu fiye da sau huɗu, kuma duk wanda ya taɓa nutso a kogin Matan Fada ya san a ƙasan ruwa ana jin bugun kwalekwale sarai. A can sama kuwa ba iska ba ruwa, girgizar ba ta da abin hawa. Gwajin nan ma ba nawa ba ne, Robert Boyle ya yi irinsa da agogo ya wallafa tun 1660. Kiran Nafi'u ya shigo ne domin igiyar rediyo dangin haske ce, ba ruwanta da iska. Da ita 'yan sama jannati ke magana da juna.

To ƙarar fim ɗin fa, daga ina? A Star Wars na 1977, mai haɗa sauti Ben Burtt ya gauraya kukan giwa da ƙarar mota a kan jiƙaƙƙen titi, ya ba ƙananan jiragen abokan gaba. Ƙarar bindigoginsu kuma, guduma ya buga wa wayar ƙarfen da ke ɗaure da turken rediyo. Giwa ce da turke suka girgiza maka benci, Nafi'u.

Ni ƙarar ba ta dame ni sosai ba. A ce mai gidan kallo ya sa fim a yi ta harbi ba sauti, ai kafin minti biyu an fara "a gyara sifika ko a ba mu kuɗinmu". Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda jiragen ke shan kwana. George Lucas, mai shirya Star Wars, da hotunan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ya tsara faɗan nasa, sai jiragen suka riƙa karkata suna shawagi kamar shaho. Jirgin sama yana yin haka ne don fukafukansa na jingine da iska. Ku ɗauki kwalekwale: filafili ruwa yake turawa, kuma in ka ajiye shi, ruwan da kansa zai tsayar da kai. A sama ba abin turawa, ba abin da zai riƙe ka. Newton ya rubuta dokar tun 1687: abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Amma a fim inji na mutuwa jirgi ya tsaya cak, kamar babur ɗin da mai ya ƙare wa a hanyar Birnin Kebbi. A gaske, in kana son birki, sai ka juya jirgin ya ba inda za shi baya, ka hura injin. Shirin The Expanse ya yi wannan daidai, na sara musu.

Wani abin ma ya fi ɗaure kai. A 1965, James McDivitt a kumbon Gemini 4 ya so ya matsa kusa da wani ɓangaren rokar da ta kai su. Matuƙin jirgin yaƙi ne, sai ya yi abin da ya saba: ya saita ta, ya ba da wuta. Yana matsawa tana ƙara nisa, har ya ƙona mai da yawa ya haƙura. In kana kewaya duniya, ƙarin gudu sama yake ɗaga ka, na sama kuma ya fi jinkirin zagayowa.

Gudun kansa ya isa makami. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kusan kilomita 400 daga ƙasa, tana yin kusan kilomita 28,000 a awa. A irin wannan gudu ɓarɓashin fenti ma kan yi wa taga tabo. A 2007 ƙasar Sin ta harbo wani tsohon tauraronta na hasashen yanayi, ba da bam ba, karo kawai, ya tarwatse gida fiye da 3,000 da ake iya bin sawunsu. Layukan hasken nan ja da kore da jiragen fim suke harbawa kuwa, hasken tocila ma sai cikin ƙurar hunturu kake ganin sandarsa. Inda ba ƙura ba za ka ga komai ba, balle ka kauce.

Akwai waɗanda suka yi shirun, kuma wallahi ya fi ban tsoro. Stanley Kubrick a fim ɗinsa na 1968 ya bar mutum a waje da numfashinsa kaɗai. A Gravity na 2013 za ka ji aikin ƙarfe can ƙasa-ƙasa, kamar yadda yake bi ta safar hannu ya shiga jiki, sannan kumbo ya ragargaje a bayan mutum ba ƙarar fashewa ko kaɗan. Ranar da na kalle shi, sai da na ga ƙarshen wurin na lura na daina tauna gyaɗar da ke bakina.

Bari mu buɗe wa iska hanya. Kun ji tana shiga, fuuu. Ga rurin ya dawo, kira shida ya jera min. Nafi'u, ka gani ko? Me? Jama'a, wai ya ce ya gani, amma shi dai bencin ya girgiza, kuma in turo masa kuɗin data.