"Da sauƙi" ba amsar fom ba ce: lacca kan bitar kuɗin tallafin naƙasa a Amurka

Wannan laccar wani ɗan uwanmu ne da ya daɗe yana aikin tafinta ya gabatar wa jama'armu a Bronx, cikin birnin New York, bayan La'asar, na kwafo ta daga rikodin ɗin wayata saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena, ƙannena, sannunku da zuwa. Na baya kuna jina? Toh madalla.

Zan fara da wata jakar leda. Kwanakin baya wani dattijo ya zo wajena, kuɗinsa sun tsaya wata biyu bai san dalili ba, nace Baba ba su rubuto maka ba, yace ai takardu kam suna zuwa, ya miƙo min leda cike da ambulan, ko ɗaya ba a farke ba, harda na tallan katin bashi da na wuta duk a haɗe. A ciki muka tsinci guda uku daga Social Security, hukumar gwamnati mai biyan kuɗin tallafin naƙasa. Ta farko fom ne, ta biyu tuni, ta uku kuma sanarwar an dakatar. Babu wanda yace Baba ya warke fa. Ciwon bayansa na nan yadda yake, shirun da yayi ne kawai suka ɗauka a matsayin ƙin haɗin kai.

Toh bari in raba muku abin gida biyu don mutane suna cakuɗa su. Akwai SSDI, wannan na wanda yayi aiki aka yanki harajinsa shekara da shekaru sannan lalura ta kwantar dashi. Akwai SSI, shi kuma ba ruwansa da tarihin aikinka, talaucinka ake dubawa tare da lalurar, a 2025 mafi yawan abinda gwamnatin tarayya ke baiwa mutum ɗaya dala 967 ne a wata. Dukansu biyu ba kyautar har abada bace. Doka tace lokaci lokaci a sake duba ka.

Yaushe? Yana rubuce a takardar da aka fara amince maka, wadda nasan rabinku baku san inda take ba. In suna ganin ciwon zai warke, tsakanin wata 6 zuwa 18 zasu dawo kanka. In kuma mai yiwuwa ne ya warke, wajen shekara 3. In ba a sa ran sauƙi, shekara 5 zuwa 7. Wani gajeren fom zasu aiko masa, SSA-455, tambayoyi ne 'yan kaɗan akan shekara biyun da suka wuce, kayi aiki, ka kwanta asibiti, likita yace zaka iya aiki. Wani kuma dogon, SSA-454, shi ne ke neman sunayen likitoci da magunguna da yadda kake wuni, tare da wata takarda SSA-827 da zaka sa hannu ka basu izinin karɓo fayil ɗinka daga asibiti. Daga nan sai a tura wa ofishin jiha masu tantance naƙasa, su ne masu yanke hukuncin ɓangaren lafiya.

Yanzu ga abinda ya kawo ni yau.

Mu an tarbiyyantar da mu akan haƙuri da kunya. Kaje dubiya, mutum yana kwance ko juyi baya iyawa, kace ya jiki, me zai ce? Da sauƙi, alhamdulillahi. Ko yana gargara haka zai ce. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ni ma haka uwata ta koya min, amma jama'a a cikin gajeren fom ɗin nan akwai tambaya da take cewa idan ka kwatanta da da, lafiyarka ta ƙaru, tana nan yadda take, ko ta ƙara lalacewa. Na zauna da wata Hajiya, ƙodarta ta taɓu, ga ciwon suga, ga ƙafa a kumbure ko takalmi bata sawa sai silifa a cikin sanyin Janairu, na karanta mata tambayar tace "a'a ɗan nan rubuta da sauƙi, ai butulci ne ince babu sauƙi." Nace Hajiya godiyar Allah daban, bayanin ciwo daban. In kinje wajen likita ai kina nuna masa inda yake miki ciwo, hakan bai hana ki godiya ba. Wanda zai karanta takardar nan bai san gaisuwarmu ba, shi in yaga an zaɓi sauƙi sai ya fassara shi da cewa kin fara warkewa. Mai ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi, amma anan kafin ciwon ya tona ki an riga an tsayar da kuɗin haya.

Maza kuma naku ya fi muni. Namiji ya gwammace a yanke masa kuɗi da ya rubuta cewa matarsa ce ke taimaka masa shiga banɗaki, ko cewa yanzu a kan kujera yake sallah saboda gwiwa bata ruku'u. Alhali irin wannan bayanin suke nema. Minti nawa kake iya tsayuwa, gidanku hawa na nawa ne kuma kana hutawa sau nawa kafin ka kai, kana iya ɗaukar galan ɗin madara. Masu ciwon damuwa da firgici kuwa, mu ko sunansa bama so a kira, sai ace iska ce ko sammu, a yi ta ruƙiyya shekara biyu ba'a taka asibiti ba. Ban hana ku addu'a ba, kuyi, amma ku haɗa da likita, domin ranar bita fayil ake buɗewa, kuma in fayil ya nuna rabonka da asibiti tun bara waccan, me kake so ma'aikacin ya ɗauka?

Kada kuma wani ya fita nan yace nace a ƙara gishiri. A'a. Ƙarya a fom ɗin gwamnati laifi ne babba, kuma suna gwada maganarka da rubutun likitanka. Yadda abin yake zaka faɗa, ranar da jiki ya ɗan saki ka faɗa, ranar da ya murɗe ka faɗa, ka kuma faɗi sau nawa yake murɗewa a sati.

In bayanan asibitinka basu ishe su ba zasu tura ka wajen wani likita da su zasu biya. Kaje. Ko dusar ƙanƙara ake, in ba zaka iya ba ka kira tun kafin ranar a canza maka. Kuma tafinta kyauta ne, haƙƙinka ne ka nema, ku daina jan yaro ɗan shekara goma sha biyu yana fassara muku ciwon da ku kanku kuke jin kunyar faɗa a gabansa.

Wani abu da zai ɗan kwantar muku da hankali. A farkon mulkin shugaban Amurka Reagan, daga 1981, an yi wata bita ta gayya da aka yanke wa mutane kusan rabin miliyan kuɗinsu, aka yi ta shari'a, wasu jihohi ma suka ƙi ci gaba da aikin, har majalisa tayi doka a 1984. Tun daga nan ƙa'idar ita ce sai an nuna lafiyarka ta inganta idan aka kwatanta da lokacin da aka yanke maka hukunci na baya, kuma ingancin ya kai ka iya aiki, sannan a tsayar. Shi yasa mafi yawan waɗanda suka cika fom akan lokaci suna wucewa lafiya. Banda yaran da suka cika 18 dai. Yaron da ke karɓar SSI in ya cika 18 sabon lale ake yi, da ma'aunin manya za'a auna shi kamar yau ya fara nema, iyaye ku fara tara takardun makaranta da na asibiti tun yana 17.

Masu SSI ku saurara, ku bitarku biyu ce. Bayan ta lafiya akwai ta dukiya, wadda kan zo tsakanin shekara 1 zuwa 6. Mutum ɗaya kada abinda ya mallaka ya wuce dala 2,000, mata da miji 3,000, kuma tun 1989 ba'a ɗaga wannan adadin ba, ku duba tsadar rayuwa yanzu, ni dai a ganina zalunci ne amma ita ce doka. Gidan da kake ciki da mota ɗaya basa cikin lissafi. Inda muke faɗawa rami shi ne amana. Ɗan uwa yace ajiye min wannan a asusunka zan tura gida, ko ke ce uwar adashi kowa yana zuba miki ta waya, ranar ɗaya ga wata banki ya nuna dala dubu huɗu da sunanki. Su suna ganin asusun, kuma abinda ke ƙarƙashin sunanki naki ne har sai kin kawo hujja. Fili ko gida da ka mallaka a Kano ko Damagaram ko Kumasi shi ma dukiya ne a wajensu tunda ba a ciki kake zaune ba.

Sai tafiya. Mai SSI in ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka kuɗin sun tsaya, kuma in ya dawo sai ya sake yin kwana 30 a jere a ƙasar kafin su dawo. Kun ga masu zuwa Umrar azumi su zarce gida Sallah, ku ƙirga kwanakinku da kyau. In kayi shiru aka ci gaba da biyanka, ranar bita zasu tambayi fasfo, sai a rubuta maka bashi ana cirewa duk wata. Kowane canji, ko aure ko tashi daga gida ko ɗan aiki, ka sanar kafin 10 ga watan da ke biye.

Anan wani bawan Allah ya ɗaga hannu yace Malam in an riga an yanke fa.

Yawwa Alhaji, tambaya mai kyau. Kana da kwana 60 ka ɗaukaka ƙara. Amma wannan sittin ɗin ita ke yaudarar mutane, domin in kana so a ci gaba da biyanka yayin da ake duba ƙarar, cikin kwana 10 da samun takardar zaka nema, kuma suna ɗauka cewa ta iso ka bayan kwana 5 daga ranar da aka buga a jikinta. Wato sha biyar kenan gaba ɗaya. In ka faɗi ƙarar mai yiwuwa ace ka mayar da abinda aka biya ka a tsakani, kodayake ana iya roƙon yafiya. A matakin farko ma kana da damar zama da jami'in sauraro ka yi bayani da bakinka, in bai yi ba akwai alƙali a gaba. Baba mai leda da na baku labari, da muka kai fom ɗin da takardun asibitinsa an gyara, amma sai da yayi wata uku yana rance.

Wata baiwar Allah daga ɓangaren mata ta aiko da takarda tana tambaya ko ɗanta zai iya gwada aiki ba tare da an kore shi daga tsarin ba.

Zai iya Hajiya. In SSDI ne akwai watanni 9 na gwaji, ba sai a jere ba, cikin shekara biyar, yana aiki yana karɓar kuɗinsa cif. Bayan nan ne ake duba ko abinda yake samu ya haura iyaka, a 2025 dala 1,620 ne a wata ga wanda ba makaho ba. In SSI ne lissafin daban, ana rage kuɗin ne a hankali gwargwadon albashi. Sharaɗin dai ya faɗa musu, ya kuma riƙe takardun albashinsa, kada ayi aikin ƙarƙashin tebur, wato wanda ake ɓoye wa hukuma.

Naga ladan yana duban agogo. Waɗanda suka zo da ambulan ɗinsu, bayan Magariba ina nan bakin ƙofa da biro, mata kuma 'yar uwarmu zata zauna daku a ɗaya ɗakin. Wassalamu alaikum.