Yadda Jamus Ke Cinikin Wutar Gobe Tun Yau

Ƙarfe goma sha biyu na rana ne a Jamus, kuma a daidai wannan lokaci ake rufe cinikin wutar lantarkin da za a yi amfani da ita gobe.

Wuta ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Ban da ɗan abin da batura da madatsun ruwa ke riƙewa, wadda aka samar yanzu, yanzu ake cinye ta. Da an samu giɓi, layin da ke tafiya kan hertz 50, wato bugun wutar sau 50 a daƙiƙa ɗaya, sai ya fara tangal-tangal.

Tashar kwal ko ta gas, in an ce ta ƙara wuta, ta ƙara. Amma mai injinan iska a gaɓar Tekun Arewa, ko mai farantan sola a Bavaria, alkawari yake sayarwa bisa hasashen yanayi.

Ranar 20 ga Maris 2015 an yi husufin rana a Turai. Masu kula da manyan layuka, irin su TenneT da Amprion, sun daɗe suna shiri, don sun san mintin da rana za ta dushe da mintin da za ta dawo. An wuce lafiya. Shi kuwa gajimare ba ya aiko da goron gayyata.

Shi ya sa akwai kasuwa ta biyu, ta cikin yini, inda ake saye da sayarwa a yanki-yanki na minti 15, har saura 'yan mintoci a fara amfani da wutar. Iska ta ƙi kaɗawa? Ka sayi cikon daga wani. In ka makara, tashoshin ko-ta-kwana su cike, kai kuma ka biya kuɗin daidaitawa, mai zafi kuwa.

Farashi ma haka yake rawa. Ranar Lahadi ga rana ga iska, masana'antu a rufe, sai ya faɗi ƙasa da sifili, wato mai wuta ne ke biya a karɓa. A 2024 hakan ya faru na sa'o'i 457. Amma da yammacin 12 ga Disambar wannan shekarar, babu iska, sama a lulluɓe, megawat-awa ɗaya, wato ma'aunin da ake cinikin wutar da shi, ya haura yuro 900. Tsadar ta bi wayoyin ƙarƙashin teku har kudancin Norway, 'yan siyasar can suka yi ta ƙorafi a kan wayoyin.