Ɗaki tukuna, magani ya biyo baya

Ana ta tura wa juna labarin a waya: wai a ƙasashen Turawa ana ba 'yan ƙwaya da masu taɓin hankali marasa matsuguni gida tun kafin su daina shaye-shaye. A majalisa sai ka ji an ce, “Ai ƙara lalata su ake yi.” Labarin gaskiya ne, amma rabinsa aka kawo mana.

A birnin New York aka fara wannan tsari a 1992, wani masani mai suna Sam Tsemberis ya fito da shi. Finland ta mayar da shi manufar ƙasa a 2008, Kanada kuma ta gwada shi a birane 5.

Ku dubi rumfar kasuwar nan. Da rana ta masu hatsi ce, da dare kuwa makwancin wani bawan Allah ce mai taɓin hankali da shaye-shaye. A ce an kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko na Kazaure, likita ya rubuta magani, a sha safe da dare. Ina zai adana shi? Damina ta jiƙa shi, yara su jefe shi, barci babu. Ranar allura ta zo, ina ma'aikacin lafiya zai gan shi? Wanda bai san makwancinsa na yau ba, a ce masa sai ya daina sholisho kafin a taimake shi, a ganina, zalunci ne.

To ga inda ake kuskuren fahimta. Miƙa makulli mafarin aikin ne kawai. Akwai ma'aikatan da ke zuwa duba shi a kai a kai, su raka shi asibiti, su sasanta shi da maƙwabta. Yana biyan haya, a Amurka kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu. Idan ya koma wa ƙwaya ba a korarsa, sai a ƙara matsowa kusa da shi. Binciken da aka yi ya nuna mafi yawansu sun zauna a gidajen. Shaye-shayen kuwa ɗaki kaɗai bai raba su da shi ba, wannan aikin magani ne da haƙuri.

Mu a karkarar Kano da Jigawa ɗaki bai fiye yi mana wuya ba, ko shagon ƙofar gida ne akwai. Sai dai sau da yawa da mari a ƙafa muke ba shi, alhali dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta kare mutuncin irin waɗannan bayin Allah. Abin da muka rasa shi ne mai bibiya da maganin da ba ya yankewa. Dagaci, liman da ma'aikacin sha-ka-tafi za su iya zama da dangi, a tsayar da wanda zai riƙa leƙa shi kowane mako, da wanda zai ɗauki kuɗin motar karɓo magani.